Ray Pfeifer, ɗan kwana-kwanan da ya tilasta wa Amurka biyan bashin masu kashe gobara

A safiyar 11 ga watan Satumba na 2001, hukumar kashe gobara ta birnin New York ta rasa ma'aikatanta 343 lokacin da dogayen benaye biyu na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya suka rufta. Shekara 22 bayan haka, a Satumban 2023, hukumar ta ba da sanarwar cewa ma'aikatanta da suka mutu daga baya sanadiyyar cututtukan da suka kwaso a wurin su ma sun kai 343. Tun daga lokacin adadin ya zarce haka, kuma duk shekara ana ƙara sababbin sunaye a bangon tunawa da ke hedikwatar hukumar a unguwar Brooklyn.

Ɗaya daga cikin sunayen shi ne na Ray Pfeifer, wanda ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 28 ga Mayun 2017 yana da shekara 59. Har ya bar aiki bai riƙe wani babban muƙami ba, ɗan kwana-kwana ne kamar saura. Amma a yau sunansa na cikin sunan wata dokar tarayya ta Amurka. Tarihinsa ya nuna irin nisan da ke tsakanin a kira mutum jarumi da a yarda a biya masa kuɗin magani, da kuma abubuwan da suka sa aka cike wannan tazara.

Wata takwas a kan baraguzai

Pfeifer ya shiga aikin kashe gobara na New York a 1987. Tasharsa tana tsibirin Manhattan, kusa da dandalin wasanni na Lincoln Center, inda ayari biyu ke zama tare: na motar ruwa mai lamba 40 da na motar tsani mai lamba 35. Ranar da aka kai harin ba ya bakin aiki, yana wasan golf da wasu abokan aikinsa. Da labari ya iske su sai suka kamo hanyar gari. Daga tasharsu mutum 13 ne suka fita da safiyar nan, ɗaya kaɗai ya tsira da rai.

Daga wannan rana Pfeifer ya shafe kimanin wata takwas yana tonon baraguzai, da farko da fatan samun masu sauran numfashi, daga baya don a samu abin da za a miƙa wa iyalai su binne. Sai ranar 30 ga Mayun 2002 aka rufe aikin kwashe baraguzan a hukumance.

Abin da shi da dubban ma'aikata suka shaƙa a waɗannan watanni ba ƙura ba ce irin ta hunturu. Garin siminti ne da niƙaƙƙen gilashi, da dalma, da ƙonannen man jirgi da roba, da kuma asbestos, wato sinadarin da a da ake lulluɓe ƙarfen gini da shi don kada wuta ta ci shi, wanda aka daɗe da sanin yana haddasa kansa. Wutar da ke ƙarƙashin tarin ba ta mutu ba sai cikin watan Disamba. Da yawa daga cikin ma'aikatan sun yi kwanakin farko babu takunkumin numfashi na kirki, waɗanda suka samu kuma sukan cire shi don su iya magana da juna ko saboda zafi.

Hukuma ma ta taimaka wajen wannan sakaci. Ranar 18 ga Satumba, mako guda bayan harin, shugabar hukumar kare muhalli ta Amurka, Christine Todd Whitman, ta shaida wa jama'ar New York cewa iskar da suke shaƙa ba ta da haɗari. A 2003 babban mai binciken cikin gida na hukumar ya ce a lokacin da aka yi wannan magana ba a da isassun bayanan da za su tabbatar da ita. Sai a 2016 Whitman ta fito ta nemi afuwa.

Ciwon da ya jira shekara takwas

A 2009 wani ciwo mai tsanani ya kama Pfeifer a ƙafa. Da likitoci suka duba sai suka tarar kansar ƙoda ce da ta kai matakin ƙarshe, ta riga ta bazu zuwa ƙashi. An cire masa ƙoda, an yi masa tiyata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk da haka ya ci gaba da aiki har 2014, lokacin da jiki ya ƙi, ya yi ritaya bayan shekara 27. Daga baya keken guragu ya zama ƙafarsa. Abokansa sun sha faɗin cewa yakan kira kansa mai sa'a, domin ya samu shekarun ganin girman ƴaƴansa, abin da abokan tasharsa 12 ba su samu ba.

A nan ne matsalar irin wannan mutuwa take. Wanda rufi ya faɗa wa a cikin gobara, kowa ya ga abin da ya kashe shi, kuma babu mai gardama cewa a bakin aiki ya mutu. Kansa kuwa takan ɗauki shekara biyar, goma, wani lokaci ma fiye da talatin kafin ta bayyana. Kafin nan mutum ya canza wurin aiki ko ya yi ritaya. Babu kuma likitan da zai iya duba ƙari a jikin mutum guda ya rantse cewa hayaƙin rana kaza ne ya haifar da shi, tunda wanda bai taɓa kusantar gobara ba shi ma yana kamuwa.

Da wannan hujja gwamnatin Amurka ta fake na tsawon shekaru. Dokar farko da ta tanadi magani da diyya ga ma'aikatan ceto, wadda shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ranar 2 ga Janairun 2011, ta ɗauki sunan James Zadroga, wani ɗan sandan New York da ciwon huhu ya kashe a 2006 yana da shekara 34. Dokar ta lissafa cututtukan numfashi da na maƙogwaro da na damuwa, amma ba ta sa kansa ba. A Yulin 2011 hukumar da ke kula da shirin ta sake cewa babu isasshiyar shaidar kimiyya da za ta sa a ƙara ta.

Abin da ya sauya lissafi rajista ce. Hukumar kashe gobara ta New York tana da sashen lafiya da ya saba auna ma'aikatanta akai-akai tun kafin 2001, yana ajiye sakamakon. Saboda haka likitocinta suka iya kwatanta waɗanda suka yi aiki a kan baraguzan da waɗanda ba su je ba. A Satumban 2011 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga bincikensu a kan ma'aikata kusan 10,000, wanda ya nuna cewa waɗanda suka shaƙi ƙurar sun fi takwarorinsu kamuwa da kansa da kimanin kashi 19 cikin 100. Masu binciken da kansu sun ja hankali cewa shekarun da aka bi ba su da yawa, kuma wanda ake yawan aunawa an fi saurin gano masa ciwo. Duk da haka, bayan shekara guda, a Satumban 2012, aka shigar da nau'o'in kansa kimanin 50 cikin shirin.

Keken guragu a harabar majalisa

Dokar Zadroga ta zo da wa'adin shekara biyar kacal. Tun wajen haihuwarta an sha wuya: a Disamban 2010 sanatocin jam'iyyar Republican sun tare ta, sai da aka zaftare kuɗinta daga dala miliyar 7 da ɗoriya zuwa miliyar 4 da ɗoriya kafin ta wuce. Da wa'adin shirin maganin ya ƙare a Oktoban 2015, majalisa ba ta yi gaggawar sabunta shi ba.

A wannan lokaci ne Amurkawa suka san fuskar Pfeifer. Ya riƙa yin tafiyar sa'o'i daga New York zuwa Washington, tafiya bayan tafiya, cikin ayarin marasa lafiya da John Feal ke haɗawa. Feal ma'aikacin rusau ne da ya rasa rabin ƙafarsa a wurin baraguzan. Tare da su akwai Jon Stewart, ɗan barkwancin talabijin da ya mayar da wannan batu nasa tun 2010. Dabararsu ba ta da wuyar ganewa. Sukan bi ofisoshin ƴan majalisa ɗaya bayan ɗaya, in an ce maigida ba ya nan su zauna a bakin ƙofa, in ya fito su tare shi a baranda, kyamara na ɗauka. Sanatan da ya saba rubuta saƙon alhini duk ranar 11 ga Satumba sai ya tsinci kansa gaban mutumin da kansa ta cinye wa ƙashi, yana tambayarsa dalilin da bai sa hannu ba.

A wajen jana'izar Pfeifer, Stewart ya ba da labarin wata rana da ransa ya ɓaci saboda duk ofishin da suka shiga sai a sallame su da ɗan katin da ke ɗauke da suna da lambar waya. Pfeifer bai tanka ba. Ya dafa aljihun ƙirjinsa, inda yake ajiye ƙananan katunan da ake rabawa wajen jana'izar abokan aikinsa, masu ɗauke da hoton mamaci da addu'a, ya ce masa waɗannan sun ishe shi.

Ranar 18 ga Disamban 2015 aka sabunta dokar. An tsawaita shirin maganin har zuwa 2090, asusun diyya kuwa aka ƙara masa shekara biyar da dala miliyar 4 da miliyan 600. A Janairun 2016 magajin garin New York, Bill de Blasio, ya ba Pfeifer mabuɗin gari, wata babbar karramawa da birnin ke yi. Bayan wata 16 ya rasu.

Bai ga zagaye na ƙarshe ba. A Fabrairun 2019 shugabar asusun diyyar ta sanar cewa kuɗi sun kusa ƙarewa saboda yawan sababbin masu kamuwa, don haka za a rage abin da ake biya da kashi 50 zuwa 70 cikin 100. Ranar 11 ga Yuni Stewart ya koma gaban wani kwamitin majalisar wakilai, bayan abokan aikin Pfeifer sun miƙa masa rigar kashe gobarar mamacin a baranda. A gefensa akwai Luis Alvarez, tsohon ɗan sanda mai fama da kansar hanji, wanda ya shaida wa kwamitin cewa washegari za a yi masa ƙarin maganin kansa karo na 69. Alvarez ya rasu ranar 29 ga watan. A Yuli majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 402 da 12, ta dattawa da 97 da 2, shugaba Donald Trump ya sa hannu ranar 29 ga Yuli. Dokar ta ba da damar shigar da buƙatar diyya har 2090, kuma tana ɗauke da sunaye uku: Zadroga, Pfeifer da Alvarez.

Me ya sa sai da aka shekara 18?

Ƙuri'a 97 da 2 na iya sa mutum ya ɗauka babu wanda ya taɓa adawa. A gaskiya adawar ba a fili aka fi yin ta ba. An yi ta ne da jan ƙafa, da gajeren wa'adi, da cire batun daga kasafi a minti na ƙarshe. Wasu ƴan majalisa na ganin matsalar New York ce, alhali ma'aikatan ceto sun zo daga kowace jiha ta ƙasar. Wasu kuma kuɗi suke dubawa. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta cewa dokar 2019 za ta ci sama da dala miliyar 10 a shekara goma na farko, kuma sanata Rand Paul, ɗaya daga cikin biyun da suka ƙi, ya nemi a nuna inda za a rage kashe kuɗi don cike gurbin.

Maganar masu taka-tsantsan ba shirme ba ce baki ɗaya. Tabbas cikin waɗanda shirin ke biya wa magani akwai waɗanda ko ba su je wurin ba da sun kamu. Tambayar ita ce wa ya kamata ya ɗauki nauyin wannan shakka. Idan aka ce sai ma'aikaci ya kawo hujjar da kimiyya ba za ta iya bayarwa a kan mutum guda ba, to babu wanda zai taɓa samun komai. Dokar ta juya lamarin: wanda aka tabbatar ya yi aiki a wurin na tsawon lokacin da aka ƙayyade, ya kamu da ciwon da ke cikin jerin, kuma tazarar shekarun ta dace, to ana ɗaukar ciwon na aiki ne. Ƙasa ta zaɓi ta biya wasu ƴan kaɗan fiye da kima a maimakon ta bar masu yawa su sayar da gidajensu don magani. Wannan ƙa'ida ita ce babban gadon da Pfeifer da abokansa suka bari.

Ko bayan sa hannu ba a huta ba. Shirin maganin na kula da mutane fiye da 130,000, har da mazauna unguwar da ɗaliban da ƙurar ta rutsa da su. A 2025, cikin rage ma'aikatan da gwamnatin Trump ta yi a ma'aikatar lafiya, an sallami wasu jami'an shirin har da shugabansa, Dakta John Howard, kafin a mayar da shi bayan ƴan majalisa daga jam'iyyun biyu sun yi ca. Doka na iya cewa 2090, amma ma'aikata da kasafi sai an ci gaba da sa musu ido.

Gobarar yau da kullum ma tana kisa

Za a iya cewa harin 11 ga Satumba abu ne da ba a saba gani ba. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna haɗarin na tattare da sana'ar kanta. Cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bi tarihin ƴan kwana-kwana kusan 30,000 na biranen Chicago, Philadelphia da San Francisco daga 1950 zuwa 2009. Ta tarar sun fi sauran jama'a kamuwa da kansa da kashi 9 cikin 100, sun fi su mutuwa da ita da kashi 14, sannan kansar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda asbestos ke haddasawa, ta ninka a cikinsu.

A 2022 cibiyar binciken kansa ta hukumar lafiya ta duniya OMS, wato CIRC mai mazauni a Lyon ta Faransa, ta sanya aikin kashe gobara a rukuni na ɗaya, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Ta ce shaida ta isa a kan kansar tantanin huhu da ta mafitsara, akwai kuma alamu a kan ta babban hanji, da ta furostat, da ta maraina, da ta fata, da wani nau'i da ke kama ƙwayoyin garkuwar jiki.

Dalilin a bayyane yake. Gidan yau da shagon yau cike suke da katifar soso, leda, wayar lantarki, fenti da kujerun roba, kuma idan suka ƙone suna fitar da guba iri-iri. Gubar ba ta hanci kaɗai take shiga ba, tana ratsa fata, musamman a wuya da fuska lokacin da jiki ya yi zafi yana gumi. Lokacin da harshen wuta ya kwanta, ma'aikaci ya cire takunkumi yana tona toka, yana cikin mafi haɗari, domin hayaƙin bai daina tashi ba. A da, baƙar riga da hular da ta sha hayaƙi abin alfahari ne a tashoshin Amurka. Yanzu ana koya wa sababbin shiga su wanke kaya tun a wurin gobarar, su goge wuya da fuska, su yi wanka da zarar sun koma, kuma kada su kai kayan aiki ɗakin kwana ko gida. Amurka ta yi dokar kafa rajistar kansa ta ƴan kwana-kwana a 2018, Kanada kuma ta yi tata dokar a kan kansar da ke da alaƙa da wannan aiki a 2023.

Inda maganar ta shafe mu

Hukuncin CIRC bai ware wata ƙasa ba. Wanda ke amsa kiran lamba 18 a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa yana shiga hayaƙi iri ɗaya da na New York. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta sake ƙonewa a 2009, kuma duk wanda ya san kasuwanninmu ya san yawan leda, katifa, taya da kayan roba da ke jibge a rumfuna. A daren 5 ga Mayun 2019 tankar mai ta fashe kusa da filin jirgin sama na Yamai, ta kashe sama da mutum 55. An ƙirga waɗanda wuta ta ci. Waɗanda suka kwana cikin hayaƙin suna kashe ta, nasu lissafin sai bayan shekaru zai fito, idan akwai mai rubutawa.

Akwai bambanci ɗaya mai muhimmanci. Pfeifer farar hula ne mai ƙungiyar ƙwadago a bayansa, yana da ikon tare sanata a baranda. Ƴan kwana-kwananmu sojoji ne, soja kuwa ba ya kafa ƙungiyar ƙwadago, ba ya zaman dirshan a ƙofar ofis. Ke nan hanyar da Pfeifer ya bi a rufe take gare su, nauyin ya koma kan shugabanninsu, da likitocin soja, da ƴan jarida, da sauran jama'ar da ake kashe wa gobara.

Wasu matakan na buƙatar kuɗi masu yawa, kamar tukwanen iska da rigunan canji. Wasu kuwa ba sa buƙatar komai sai umarni: ruwa da sabulu bayan kowace fita, raba wurin ajiye kayan aiki da wurin kwana, barin takunkumi a fuska har a gama tonon toka. Tun 2021 cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta samu na'urar ƙona ƙwayoyin kansa, amma na'ura tana amfani ne ga wanda aka gano wa ciwo da wuri, shi ya sa awon lafiya na shekara-shekara ya kamata ya bi ma'aikaci har bayan ritaya.

Sai kuma rajista. Da likitocin New York ba su ajiye bayanan lafiyar ma'aikatansu tun kafin 2001 ba, da Pfeifer ya isa Washington da keken guragunsa kawai, a tausaya masa a sallame shi. Littafin da ke nuna wa ya fita, wace gobara ya je, me ya ƙone, awa nawa ya yi a ciki, abu ne da kowace tasha za ta iya buɗewa a wannan makon. Ranar da wani tsohon ɗan kwana-kwana zai je asibiti da jini a fitsari bayan shekara ashirin, wannan littafi ne zai tsaya masa shaida, shi da iyalinsa.